Idan wutar iska ta yi arha a Birtaniya, me ya sa kuɗin lantarki bai sauka ba?

Abdulƙadir ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda ke bin siyasar Birtaniya ko suke zaune a can, musamman masu ilimin harkar makamashi. Tun bayan zaɓen watan Yulin 2024 da ya kawo jam'iyyar Labour kan mulki nake bin muhawarar da ake tafkawa a kan kuɗin wuta, kuma kullum sai in ga kowane ɓangare ya zo da alƙalumansa, amma alƙaluman ba sa haɗuwa ko kaɗan. Ed Miliband, wanda Firaminista Keir Starmer ya ba ma'aikatar makamashi, ya dage cewa iska da rana su ne hanya mafi arha ta samar da lantarki, jam'iyyarsa ma ta yi alkawarin rage wa kowane gida har fam 300 a shekara kafin 2030. Ita kuwa Kemi Badenoch ta jam'iyyar Conservative, da Nigel Farage na jam'iyyar Reform, cewa suke yi wannan manufa ce ta jefa ƙasar cikin tsadar wuta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a ranar 30 ga Satumbar 2024 aka rufe tashar Ratcliffe-on-Soar, wadda ita ce ta ƙarshe mai aiki da kwal, kuma a wannan shekarar iska ta samar da kusan kashi 30 cikin 100 na lantarkin ƙasar, har ta wuce gas. Iska ba a sayenta da kuɗi. To ina arhar ta maƙale, da har yanzu gidaje da masana'antun Birtaniya ke cikin waɗanda suka fi biyan kuɗin lantarki mai yawa a ƙasashe masu arzikin masana'antu? Sannan ta yaya jam'iyyar Conservative, wadda a ƙarƙashin Theresa May ta sa hannu a dokar 2019 ta daidaita hayaƙin da ake fitarwa da wanda ake cirewa kafin 2050, ta koma tana cewa abin ba mai yiwuwa ba ne? Ina neman bayani mai hujja, ba na goyon bayan jam'iyya ba.

Injiniya Rabi'u ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abdulƙadir. Tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana farawa ne daga yadda ake yanke farashi a kasuwar sari ta lantarki, wadda ta samo asali daga sayar da kamfanonin wuta ga 'yan kasuwa a 1990. A kowane rabin awa akwai adadin wutar da ƙasa ke buƙata. Ana fara ɗaukar wutar da ta fi arha, wato ta iska da rana da nukiliya, ana hawa sama har a cike buƙatar, kuma farashin tashar ƙarshe da aka ɗauka shi ne yake zama farashin kasuwa gaba ɗaya. A Birtaniya, mafi yawan lokaci wannan tasha ta ƙarshe mai ƙona gas ce. Saboda haka ko da iska ta ba da rabin wutar da aka sha a wata rana, muddin ana buƙatar tashar gas don cike ragowar, farashin gas ne ke jan ragama. A Faransa, inda nukiliya ke ba da kusan kashi biyu cikin uku na lantarki, gas ba ya samun wannan iko sosai.

An ga wannan ƙarara lokacin da gas ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2021, sannan Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022. Iyakar farashin gas da lantarki da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kasuwar makamashi, ke sanyawa ga matsakaicin gida tana fam 1,277 a shekara a Oktoban 2021, ta koma 1,971 a Afrilun 2022, aka kuma sanar da 3,549 ga Oktoban wannan shekarar, kafin gwamnatin Liz Truss ta tsayar da abin a fam 2,500 ta biya cikon daga baitulmali. Ba fankokin iska ne suka kawo wannan tsalle ba, kuma duk wanda ya ɗora musu laifinsa bai yi adalci ba.

Yanzu ga batun farashin ita kanta wutar iskar. Dokar makamashi ta 2013, wadda Ed Davey na jam'iyyar Liberal Democrat ya jagoranta a gwamnatin haɗaka ta David Cameron, ta kawo wani tsarin kwangila da ake bayarwa ta hanyar gwanjo. Kamfani yana faɗin farashin da zai yarda ya sayar da wutarsa na tsawon shekaru, wanda a gwanjon da aka yi har zuwa 2024 shekara 15 ne. Idan farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da wannan, masu amfani da wuta su cika masa. Idan kuwa kasuwa ta haura, kamfanin ya mayar da rarar. A gwanjon farko na 2015, fankokin cikin teku sun samu kusan fam 115 zuwa 120 a kan kowane megawat na awa ɗaya. A 2017 wasu sun sauko zuwa fam 57.50, a 2019 kusan fam 40, a 2022 kuma fam 37.35. Wannan saukar gaskiya ce, kuma a lokacin tsananin tsadar gas waɗannan kwangiloli kuɗi suka riƙa mayarwa.

Amma akwai abu biyu da masu yabon tsarin ba su cika faɗa ba. Na farko, duk waɗannan alƙaluma a darajar kuɗin 2012 ake rubuta su, kuma suna hawa tare da hauhawar farashi, don haka abin da ake biya a yau ya fi abin da ake karantawa a jarida nesa ba kusa ba. Na biyu, saukar ta tsaya, har ma ta juya. Tashar iska kusan dukan kuɗinta a wajen gini yake tafiya, da ƙarfe da igiyoyin ƙarƙashin teku da jiragen ruwan da ke kafa turaku, kuma da bashi ake yin su. Da Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023, lissafin kamfanoni ya rushe. Vattenfall ya dakatar da aikin Norfolk Boreas a Yulin 2023, a gwanjon wannan shekarar kuma ba a samu kamfani ko ɗaya da ya nemi gina fankokin cikin teku ba, domin gwamnati ta ƙayyade farashin a fam 44. Sai da aka ɗaga iyakar zuwa fam 73 sannan aka samu masu nema a 2024, a kan kusan fam 59. A Mayun 2025 kamfanin Ørsted ya janye daga aikin Hornsea 4 duk da cewa ya ci kwangilarsa.

Ra'ayina shi ne, wutar iska ba ta da arhar da aka yi ta tallatawa a 2022, amma tana da abin da gas ba shi da shi, wato sanannen farashi na shekaru masu yawa. Ƙasar da ta ga kuɗin wutarta ya kusa ninkawa uku cikin shekara guda bai kamata ta raina wannan ba.

Hajiya Binta ta amsa:

Na gode wa Injiniya da wannan bayani. Ni a arewacin Ingila nake zaune da iyalina, kuma zan yi magana ne a kan takardar kuɗin wutar da ke zuwa gida, domin a nan ne talaka ke haɗuwa da duk wannan siyasa. Kafin a kunna ko ƙwan fitila ɗaya, akwai kuɗin tsaye da ake cirewa kullum, fiye da rabin fam a kan lantarki kaɗai, ban da na gas. Wata maƙwabciyata tsohuwa ce mai mitar da ake sa wa kuɗi kafin a sha wuta. Ta kwanta asibiti na wani lokaci, gidan a rufe, ba abin da ke kunne sai firiji, amma da ta dawo ta sa kuɗi a mitar, sai ta ga wani kaso ya tafi nan take wajen biyan kuɗin tsayen gas da ya taru alhali ba ta kunna komai ba. Irin waɗannan mutane ne ke zama da riga uku a falo cikin hunturu don kada su kunna ɗumama.

Abin da nake so Malam Abdulƙadir ya lura da shi shi ne, kuɗin sarin wuta wani ɓangare ne kawai na abin da muke biya. Akwai kuɗin layukan wuta da gyaransu, akwai kuɗin da aka ɗora mana na kamfanoni kusan 30 da suka durƙushe a 2021 da 2022, sannan akwai kuɗin manufofin gwamnati. A cikin na ƙarshen nan akwai tsohon tallafin makamashi mai sabuntawa da aka fara a 2002, wanda aka rufe ga sababbin tashoshi a 2017 amma za a ci gaba da biyansa har 2037, da kuma tallafin masu farantan sola a rufin gida da aka fara a 2010. Waɗannan tsofaffin alkawura an yi su ne lokacin da fasahar ke da tsada ƙwarai, kuma su ne masu adawa ke nunawa idan suna cewa makamashi mai sabuntawa na da tsada. Suna da gaskiya a wannan gaɓar.

Inda nake ganin dukan jam'iyyun sun yi wa talaka rashin adalci shi ne wurin da suka ɗora wannan kaya. Maimakon a biya shi daga haraji, inda mai samu da yawa zai biya da yawa, sai aka ɗora mafi yawansa a kan lantarki, inda tsohuwa mai fansho da attajiri ke biyan farashi ɗaya a kan kowane yunit. Hakan ya taimaka wajen sa lantarki ya ninka gas kusan sau huɗu a farashi, sannan a dawo ana roƙon mutane su cire tukunyar gas da ke ɗumama mafi yawan gidajen ƙasar su sa na'ura mai aiki da lantarki. Wa zai yarda? A kasafin kuɗin Nuwamban 2025 ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar da mayar da kashi 75 cikin 100 na tsohon tallafin 2002 zuwa baitulmali, wanda tare da soke wani shirin gyaran gidaje aka ce zai rage kusan fam 150 a shekara. Na yi maraba da rabin farko. Rabi na biyu ya dame ni, domin gidajen ƙasar nan da yawa tsofaffi ne masu zubar da ɗumi ta bango da rufi da taga, kuma tun da gwamnatin Cameron ta rage tallafin gyaransu a wajajen 2013, ta kuma soke ƙa'idar gina sababbin gidaje marasa hayaƙi a 2015, aikin bai farfaɗo yadda ya kamata ba.

Malam Tukur ya amsa:

Da izinin Injiniya, ina ganin ya sassauta wa gwamnati fiye da kima. Farashin da ake ji a gwanjo farashin wuta ne a bakin fanka, ba a bakin mita ba, kuma tsakanin wuraren nan biyu akwai kuɗi mai yawa da ba ya shiga lissafin da ministoci ke karantawa a majalisa.

An gina tashoshin iska da yawa a Sikotland da tekun da ke kewaye da ita, inda iskar take, amma masu shan wutar suna kudu, kuma layukan da ke haɗa Sikotland da Ingila ba su isa su ɗauki abin da ake samarwa ba. Idan iska ta yi ƙarfi, hukumar da ke kula da daidaiton wutar ƙasa tana biyan tashoshi irin su Seagreen su tsayar da fankokinsu, sannan ta biya tashoshin gas da ke kudu su kunna don cike gurbin. Wannan kaɗai yana cin fiye da fam biliyan 1 a shekara, kuma a takardar su Hajiya Binta yake ƙarewa. Ana shimfiɗa igiyoyin ƙarƙashin teku, kamar wadda za ta tashi daga Peterhead a Sikotland zuwa Drax a Ingila, ana kuma shirin kafa turaku daga Norwich zuwa Tilbury duk da ƙin amincewar mazauna yankin, amma su ma kuɗinsu masu shan wuta ne za su biya. Sannan akwai ranakun hunturu da iska ke kwanciya, rana kuma ba ta fitowa, wani lokaci kwanaki a jere. Dole tashoshin gas su kasance a shirye domin irin waɗannan ranaku, kuma tun 2014 ake yin gwanjo na musamman don biyan su kuɗin zaman jira. Ke nan ƙasa tana ɗaukar nauyin tsari biyu a lokaci guda.

Ba ina cewa a bar makamashi mai sabuntawa ba ne. Abin da nake ƙi shi ne gaggawar cewa sai an kai kashi 95 cikin 100 na lantarki mai tsabta a 2030, domin mai saye da ya sanar wa duniya cewa dole ya saya kafin wata rana ya riga ya zubar da ƙarfin cinikinsa. Alkawarin fam 300 kuwa bai kamata a yi shi ba tun farko, tunda babu ministan da ke da iko da farashin gas a kasuwar duniya ko da kuɗin ruwa.

Game da tambayarka ta biyu, Malam Abdulƙadir, a da jam'iyyun bakinsu ɗaya a wannan batu. Dokar sauyin yanayi ta 2008 a zamanin Gordon Brown ta wuce ne da goyon bayan kowane ɓangare, waɗanda suka ƙi ta ba su kai goma ba. Firaminista Boris Johnson na Conservative ne ya sa burin gigawat 40 na wutar iskar teku a 2020, ya kuma ɗaga shi zuwa 50 a 2022. Juyawar ta fito fili bayan zaɓen cike gurbi na Uxbridge a Yulin 2023, inda Conservative ta riƙe kujerar da ƙyar ta hanyar adawa da harajin tsofaffin motoci na Landan. Wata biyu bayan nan Firaminista Rishi Sunak na Conservative ya ɗage hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2030 zuwa 2035. Da Reform ta fara kwashe musu masu zaɓe, Badenoch ta ce a Maris ɗin 2025 burin 2050 ba zai yiwu ba, a Oktoba kuma ta yi alkawarin soke dokar 2008 ɗungurungum. Akwai lissafin ƙuri'a a ciki, ba shakka, amma akwai kuma ƙorafi na gaskiya. Mutanen Aberdeen da ke rayuwa da man Tekun Arewa, waɗanda harajin ribar kamfanoninsu ya kai kashi 78 cikin 100, da ma'aikatan matatar Grangemouth da ta daina tace mai a Afrilun 2025, an yi musu alkawarin sababbin ayyuka, kuma kafa hedikwatar kamfanin makamashi na gwamnati, Great British Energy, a Aberdeen bai maye gurbin abin da suke rasawa ba.

Abdulƙadir ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Maganar Malam Tukur ta haifar mini da wata tambaya. Idan gas ne ke yanke farashi, kuma Birtaniya na da gas a Tekun Arewa, ashe ba gaskiyar Conservative da Reform ba ce da suke cewa a ci gaba da ba da lasisin haƙa don farashi ya sauka? Sannan na ji cewa Richard Tice na Reform ya rubuta wa kamfanonin iska a 2025 yana gargaɗin cewa idan jam'iyyarsa ta hau mulki ba za ta mutunta sababbin kwangiloli ba. Shin hakan zai rage wa mutane kuɗin wuta?

Injiniya Rabi'u ya sake amsawa:

Na yarda da Malam Tukur a kan kuɗin layuka da na zaman jiran tashoshin gas, kuma duk lissafin da bai haɗa da su ba lissafi ne mai giɓi. Sai dai in ƙara da cewa ƙarancin layukan ya samo asali ne daga shekarun da aka yi ana gina tashoshi ba tare da an gina hanyar kwashe wutarsu ba, kuma a cikin waɗannan shekaru ne, daga 2015 zuwa Yulin 2024, ƙa'idojin gini suka kusan hana kafa fankokin iska a kan tudu a Ingila, alhali sun fi na teku arha kuma sun fi kusa da masu shan wutar.

A kan gas na Tekun Arewa, Malam Abdulƙadir, amsar ita ce farashi ba zai sauka ta wannan hanyar ba. Haƙar gas a can ta kai ƙololuwa a shekarar 2000, kuma tun 2004 Birtaniya ke shigo da gas fiye da wanda take fitarwa, mafi yawa ta bututu daga Norway, sauran kuma a jiragen ruwa daga ƙasashe irin su Amurka da Katar. Rijiyoyin sun tsufa, abin da ya rage bai kai ya motsa farashin Turai ba, kuma kamfanonin da ke haƙowa masu zaman kansu ne da ke sayarwa a farashin kasuwa, ba a farashin rangwame ga 'yan ƙasa ba. Akwai hujja mai ƙarfi ta ci gaba da haƙa, wato ayyukan yi, da harajin da baitulmali ke samu, da kuma cewa gas na gida bai kai wanda ake daskararwa a ɗauko a jirgi fitar da hayaƙi ba. Saboda haka ina ganin hana sababbin lasisin haƙa da gwamnatin Labour ta yi abu ne da ya cancanci a sake dubawa. Amma duk wanda ya ce hakan zai rage kuɗin da Hajiya Binta ke biya, ya faɗi abin da kasuwar ba ta nuna ba.

Batun soke kwangila ya fi wannan haɗari. Waɗannan kwangiloli ba alkawarin baki ba ne na minista. Yarjejeniya ce ta shari'a tsakanin kamfanonin da wani kamfani mallakar gwamnati da aka kafa domin wannan aiki, kuma karya ta na nufin kotu da biyan diyya. Ko ba a kai ga karyawa ba, barazanar kaɗai tana da farashi. Tunda na ce kuɗin tashar iska kusan duka a wajen gini yake tafiya, kuma da bashi ake yin ginin, duk abin da ya ƙara wa mai ba da bashi fargaba yana ƙara kuɗin ruwan da zai nema, kamfani kuma ya saka wannan ƙarin a farashin da zai faɗa a gwanjo, masu shan wuta su biya shi shekara da shekaru. Wannan fargaba ba ta tsaya a kan iska ba. Nukiliya, wadda Conservative da Labour da Reform duk suke so, ta fi kowace fasaha dogara da amincewar masu zuba jari. Tashar Hinkley Point C da ke Somerset an ba ta fam 92.50 a darajar kuɗin 2012 na tsawon shekara 35, an ƙiyasta gininta a fam biliyan 18 lokacin da aka amince da ita a 2016, amma a farkon 2024 kamfanin EDF da ke gina ta ya ce zai ci tsakanin biliyan 31 da 35 a darajar kuɗin 2015, kuma ba za ta fara aiki ba kafin 2029. Domin a rage kuɗin ruwa a tashar Sizewell C da ke Suffolk, an sauya tsarin ta yadda masu shan wuta za su fara biya tun ana gini. Sabuwar tashar gas ma, idan za a gina ta a yau, bashi za a ci, kuma mai ba da bashin zai tambayi ko gwamnatin da za ta zo bayan wannan za ta mutunta takardar da aka sa wa hannu.